A Gaishe da Terry Hayes, Gwanin Hana Ido Barci

Idan ana lissafin marubutan da suka san yadda ake riƙe mai karatu, a hana shi ajiye littafi har ladan ya kira assalatu, dole a ware wa Terry Hayes kujerar gaba. A watan Yulin 2013 ya fitar da ƙagaggen labarinsa na farko, I Am Pilgrim, a Birtaniya, shekarar da ta biyo baya kuma aka buga shi a Amurka. Dirkeken littafi ne, wani bugun ya haura shafi 600, wani ya doshi 900. Duk da wannan kauri mutane suka yi ta wawasonsa, aka fassara shi cikin harsuna da dama, ya lashe lambar yabo a Birtaniya a 2014, kamfanin MGM kuma ya sayi haƙƙin mayar da shi fim. Ni ma na zo ne in miƙa tawa jinjinar, kuma duk abin da zan yaba masa a nan, wallahi ya yi shi, ya kuma iya shi.

Mutumin ya daɗe a fage. An haife shi a Ingila a 1951, ya tashi a Ostireliya, ya yi aikin jarida, sannan ya koma rubuta labarin fim. Da hannunsa a Mad Max 2 na 1981 da Dead Calm na 1989. Wanda ya shafe shekaru a wannan sana'a ya san daidai inda ake katse magana a bar mutum da ƙishirwa. Babukan littafin gajeru ne, kuma da yawansu suna rufewa da ɗan tsokaci iri ɗaya: mai ba da labarin ya sanar da kai cewa a nan fa ya tafka wani kuskure da zai ɗanɗana kuɗarsa can gaba. Sai ka ce bari in ƙara babi ɗaya. Ya maimaita dabarar har ka haddace ta, kana jin motsinta tun daga nesa, amma duk sanda ta iso sai ta kama ka.

Labarin ya buɗe a wani ƙazamin otal a New York. An tarar da gawar wata mace a baho cike da ruwan batir, an cire mata haƙora, an wanke ɗakin tas, ba a bar ko sawun yatsa ba. Wanda ya yi kisan a wani littafin binciken laifuka ya koyi aikinsa, marubucin littafin kuwa shi ne jaruminmu, Pilgrim. Maraya ne da wasu attajiran Connecticut suka ɗauka riƙo, ya yi karatu a Harvard, ya shiga wata ɓoyayyiyar hukuma da ke leƙen asirin su kansu 'yan leƙen asiri, ya kai ƙololuwa tun da ƙuruciyarsa, ya ajiye aiki ya ɓuya a Faris. A ɗaya gefen akwai Zakariyya al-Nassouri, wanda littafin ya laƙaba wa Saracen, sunan da Turawan zamanin yaƙe-yaƙen Salibiyya ke kiran Musulmi da shi. Likita ne, shi kaɗai yake tafiyarsa, sunansa ba ya kundin kowace hukuma, kuma ya ƙudiri aniyar harhaɗa ƙwayar cutar agana da hannunsa, irin wadda ta fi ƙarfin rigakafi, ya watsa ta a Amurka. Lissafinsa shi ne in Amurka ta durƙushe, gidan sarautar Saudiyya zai faɗi da kansa.

Babukan ƙuruciyar Zakariyya su ne mafi kyau a littafin gaba ɗaya, duk wanda ya ce ya wuce su bai ji komai a ransa ba, to bai karanta ba. Mahaifinsa masanin halittun teku ne a Jidda, wanda bakinsa ya suɓuce ya soki gidan sarauta. Aka kai tsegumi, 'yan sandan ciki suka ɗauke shi, daga ƙarshe aka fito da shi dandali aka fille masa kai jama'a na kallo. Yaron ya bi uwarsa da ƙannensa mata zuwa Baharain da wannan miki a zuciya. Daga can ya gudu Afganistan ya yaƙi sojojin Sobiyet, ya dawo ya karanci likitanci a Labanan, ya yi aure, makami mai linzami na Isra'ila ya kashe matar a Gaza. Kana karantawa kana ganin yadda zalunci ke gina mutum hawa-hawa har ya mayar da shi abin tsoro. Marubucin da bai kai Hayes sanin kasuwa ba, da ya bi wannan zare har ƙarshensa, ya tsaya tsayin daka a kan tambayar wa ke ɗaure wa masu takobin gindi, ya ɓata wa masu saye rai. Shi kuwa ya auna tausayin da awo, ya zuba daidai wanda zai sa mugun ya yi armashi, ya ajiye sauran. Can gaba Pilgrim zai sauka a Jidda, kuma 'yan sandan cikin da suka kama uban su ne za su buɗe masa kundinsu, su taya shi farautar ɗan. Ya ɗan yatsina fuska, ya karɓi taimakon, labari ya ci gaba.

Sai batun ilimi. Hayes ya yi bincike, kuma bai yi rowar abin da ya samo ba. Za ka bi Zakariyya zuwa Dimashƙu, inda ya ƙwaƙule idanun wani babban jami'i don ya yaudari na'urar tantance ƙwayar ido da ke bakin ƙofa, ya shiga ya saci rigakafin agana. Za ka zauna da shi a garejinsa na Labanan yana sayo gutsattsarin ƙwayoyin halitta ta intanet yana harhaɗawa. Za ka hau tsaunukan Hindu Kush ka ga ya gwada abin a kan baƙi uku da aka sato masa, ɗaya mace mai ciki, marubucin kuma bai kau da kai ba, ya bi ƙurajen ɗaya bayan ɗaya yana kwatanta maka. Tsoron nan yana da tushe. A 2002 Eckard Wimmer da abokan aikinsa a jami'ar Stony Brook sun harhaɗa ƙwayar shan inna a ɗakin gwaji daga rubutaccen tsarin halittarta. Shekara huɗu bayan fitowar littafin, a 2017, labari ya fito cewa David Evans na jami'ar Alberta a Kanada ya yi haka da ƙwayar aganar dawakai, 'yar uwar tamu ta mutane. A nan kam Hayes ya hango nesa, a ba shi haƙƙinsa.

Mu kuma agana ba baƙuwarmu ba ce. Mun ga zanzana a fuskar tsofaffi, mun ga lamba a dantsen iyayenmu. A watan Mayun 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shelanta cewa an kawar da cutar daga doron ƙasa, daga baya ba a bar ta ba sai a ɗakunan ajiya biyu, ɗaya a Atlanta ta Amurka, ɗaya a Koltsovo ta Rasha. Tarihi kuma ya adana sunayen waɗanda suka taɓa mayar da cuta makami. A 1763 jami'an Ingila a sansanin Fort Pitt sun miƙa wa wakilan 'yan asalin Amurka barguna daga asibitin masu agana da sunan kyauta. Sojojin Japan na runduna ta 731 sun gwada annoba a kan Sinawa. Tarayyar Sobiyet ta tara ƙwayar agana don yaƙi, tana fa cikin masu sa hannu a yarjejeniyar 1972 da ta haramta hakan. Wasiƙun nan masu garin cutar antaraks da suka kashe mutum biyar a Amurka a 2001, hukumar FBI da kanta ta ɗora alhakinsu a kan Bruce Ivins, masanin kimiyya a cibiyar binciken sojan Amurka ta Fort Detrick. Jeri ne mai tsawo, kuma Hayes ya yi hikima da bai ɗauko mugunsa daga ciki ba, don babu ko ɗaya a cikinsu da ke tsayawa sallah kafin ya koma kan kwalabensa.

Akwai dai Musulmi guda da sunansa ya haɗu da agana a tarihi na gaskiya. Ali Maow Maalin, mai dafa abinci a asibitin Marka ta Somaliya, shi ne mutum na ƙarshe da cutar ta kama ta hanyar yaɗuwarta a cikin jama'a, a Oktoban 1977. Ya warke, daga baya ya shiga aikin rigakafin shan inna, yana bin gari-gari yana rarrashin iyaye su fito da 'ya'yansu. Zazzaɓin cizon sauro ya kashe shi yana bakin wannan aiki a ranar 22 ga Yulin 2013, a watan da littafin Hayes ya shiga kasuwa. Rayuwarsa ba ta da bindiga, ba ta da jirgi mai saukar ungulu, wa zai kwana ido biyu a kanta?

Wani abin yabo shi ne karamcin marubucin wajen rabon katari. Na'urorin Amurka sun tsinci kira biyu daga Hindu Kush zuwa wata rumfar buga waya a Bodrum, garin shaƙatawa a gaɓar tekun Turkiyya. Ana neman dalilin da za a fake da shi a tura Pilgrim can, sai ga wani matashin hamshaƙin Ba'amurke ya faɗo daga kan dutse ya mutu, a Bodrum. 'Yar sandan da ke binciken mutuwarsa, ashe ƙanwar Zakariyya ce, ita ce kuma ta amsa wayar. Wadda ta kashe hamshaƙin, ashe ita ce ta yi kisan otal ɗin New York da aka buɗe labari da shi, wato ɗalibar littafin jaruminmu. Duniya mai biliyoyin mutane ta takure ta koma gari ɗaya don kada mai karatu ya wahala. Da aka rasa shaida kuwa, sai jarumin ya lura cewa hasken wasan wutar daren da abin ya faru zai iya barin hoto a bayan madubi. Aka ciro manyan madubai, aka loda su a jirgi zuwa Florence ta Italiya, ƙwararrun gyaran tsofaffin zane suka wanke su, surar mutum ta fito. Ka tashi daga shafin kana jinjina kai, domin an faɗa maka da irin gabagaɗin da ke sa kunyar musu ta kama mutum.

Jarumin kansa ba shi da na biyu, kuma yana yawan tuna mana hakan da bakinsa. Shi ke ba da labarin, amma ya san abin da Zakariyya ya raya a zuciyarsa shi kaɗai a kan dutse tsakar dare. Sauran jama'ar da ya ratsa ta ƙasashensu an sauƙaƙa mana gane su: jami'i mai karɓar na goro, ɗan sanda mai mugunta, mace mai ɓoye sirri a ƙarƙashin mayafi. Mutumin kirki a cikinsu, irin manajan otal ɗin Bodrum, an ba shi aikin ba da dariya da gurɓataccen Turancinsa. A Baharain masallaci ne ya karɓi yaron ya miƙa shi ga masu zafin ra'ayi, a Jamus ma a cikin jama'ar masallaci ya samu gindin zama. Mai karatu a Landan ko Sydney zai rufe littafin ya san abin da zai riƙa ji in ya ga takalma a jere a ƙofar wani gini ranar Juma'a. An hutar da shi daga sanin cewa masu takalman su ne ake kashewa. Rahoton cibiyar yaƙi da ta'addanci ta Amurka na 2011 ya ce a inda aka iya tantance addinin mamatan, Musulmi ne kashi 82 zuwa 97 cikin ɗari na waɗanda ta'addanci ya hallaka a shekaru biyar da suka gabaci rahoton. Mutanen Kano ba sa buƙatar rahoto. Ranar Juma'a 28 ga Nuwamban 2014, a babban masallacin cikin gari, sama da mutum ɗari aka kashe suna sahu.

Amma inda basirar Hayes ta fi haskawa shi ne hanyar da ya zaɓa wa cutar ta shiga Amurka. Zakariyya ya samu aiki a wani kamfanin magunguna a Jamus, ya shirya dubban kwalabe ɗauke da ƙwayar aganar, da takardar rigakafin mura a jikinsu, don likitocin Amurka su tsira wa mutanensu da hannunsu. Dabara ce mai tayar da tsikar jiki, domin ta taɓa wurin da ɗan'adam ya fi sakin jiki: lokacin da uwa ta naɗe hannun rigar ɗanta ta miƙa wa ma'aikacin lafiya.

To, a duniyar da muke ciki an taɓa cin amanar wannan hannu, kuma an san wanda ya ci. A 2011 hukumar CIA ta shirya rigakafin ciwon hanta na bogi a Abbottabad ta Pakistan, ta hannun wani likita, Shakil Afridi, don ta samo jinin yaran gidan da ake zargin Usama bin Laden na ciki. Jaridar Guardian ta tona asirin a Yulin shekarar. A Disamban 2012, cikin 'yan kwanaki, aka bindige ma'aikatan rigakafin shan inna tara a Pakistan, yawancinsu mata. Shugabannin makarantun kiwon lafiyar jama'a goma sha biyu na Amurka suka rubuta wa Shugaba Obama takardar koke a Janairun 2013, sai a Mayun 2014 fadar White House ta amsa cewa CIA ta daina fakewa da rigakafi. Mu a nan zargin ya riga wannan daɗewa. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano, gwajin ya ƙunshi yara 200, 11 suka mutu, aka yi ta shari'a har kamfanin ya sasanta da gwamnatin jihar a 2009 kan dala miliyan 75. A 2003 Kano ta dakatar da rigakafin shan inna, ba a koma ba sai a Yulin 2004, cutar kuma ta samu hanya ta bazu har Indunusiya. Malamai da sarakuna da likitoci sun sha wahalar shekaru kafin iyaye su sake buɗe ƙofa. Ranar 8 ga Fabrairun 2013 'yan bindiga suka kashe mata tara masu wannan aiki a cibiyoyin lafiya biyu a Kano. Wata biyar da binne su, Hayes ya miƙa wa duniya labarin da ke tabbatar wa masu shakka cewa lallai ana iya zuba mutuwa a kwalbar rigakafi, ya kuma gyara tarihin yadda zai yi daɗin ji: mai cin amanar likita ne Musulmi, ɗan leƙen asirin Amurka kuma shi ne mai ceton yara. Juya magana irin wannan, cikin laushi, ba tare da mai karatu ya ji an juya shi ba, sai gwani.

Haka ya yi da zumunci. A littafin, dangantakar jini a gidan Musulmi igiya ce da ake bi a kamo mai laifi: ƙanwa tana rufa wa yayanta asiri, tana riƙon ɗansa, ta nan aka same shi. A Nuwamban 2009 wani uba, Alhaji Umaru Mutallab, ya taka da ƙafarsa zuwa ofishin jakadancin Amurka a Abuja ya ce musu ɗansa ya shiga hanyar da ke ba shi tsoro. Duk mai ɗa ya san nauyin wannan tafiya. Aka rubuta, aka ajiye, ba a soke bizar yaron ba. Ranar 25 ga Disamba ya hau jirgi daga Amstadam zuwa Detroit da bam a jikinsa, fasinjoji da ma'aikatan jirgin ne suka danne shi. Uba irin wannan ɓata littafi zai yi. Da ya shigo tun a shafi na 40 da labari ya ƙare, laifin kuma ya koma kan teburin waɗanda aka gina littafin don a yaba musu.

Duk wannan sharar fage ce. Abin da shafuka ɗaruruwa suke tura ka zuwa gare shi yana ƙarshe. Zakariyya yana da ɗa ƙarami, marayan uwa, mai lalurar nan ta haihuwa da likitoci ke kira Down, wadda ke jinkirta fahimtar yaro. Hayes ya ɗauki lokaci ya sa ka so yaron, da fara'arsa da yadda yake sakin jiki da baƙo. Sannan Pilgrim ya tsara a zarga masa igiya a wuya, a nuna wa uban ta waya, a ce ko ka faɗi inda kwalaben suke ko a rataye shi kana kallo. Dubi yadda aka jera kayan aikin. Tun a farkon littafin an nuna maka jarumin ya matse wani ma'aikacin banki a Janeba da barazana ga 'yarsa, ta kuma yi aiki, don ka saba. Wanda aka ɗora wa tsaron igiyar shi ne Ben Bradley, ɗan sandan New York baƙar fata da ya kusa rasa ransa wajen ceton mutane ranar harin 11 ga Satumban 2001, mutumin da ya fi kowa tsarki a labarin, don hannunsa ya wanke aikin. Kafin a kai ga wayar kuma, jarumin ya bari an kama shi, an gana masa azabar ruwa, an ragargaza masa jiki, don tausayinka ya ƙare a kansa. Ga agogo yana tafiya, ga miliyoyin rayuka. Ko kai uba ne, ko kana da irin wannan yaro a gidanka, za ka tsinci zuciyarka tana gaggawa, tana cewa a matsa masa mana. Uban ya karaya, ya faɗi gaskiya tsantsa, aka tare kwalaben a kan kari. Jarumin kuma yana da nadama, yana yawan ambaton nauyin abin da ya aikata a rayuwarsa, nadamar da ke aikin turaren da ake fesa wa ɗakin da ɓera ya mutu a ciki.

Shekara ɗaya da 'yan watanni bayan fitowar littafin, ranar 9 ga Disamban 2014, kwamitin leƙen asiri na Majalisar Dattawan Amurka, ƙarƙashin Dianne Feinstein, ya saki taƙaitaccen rahotonsa kan yadda CIA ta tsare mutane ta yi musu tambayoyi. Shafi 500 ne da 'yan kai, bai ma kai littafin Hayes kauri ba, kuma ba shi da daɗin karatu ko kaɗan. Mutum 119 aka tsare, aƙalla 26 bisa kuskure. Khalid Sheikh Mohammed sau 183 aka yi masa azabar ruwa, wato a ɗaure mutum a kan allo, a rufe masa fuska da ƙyalle, a riƙa kwarara ruwa har ya ji yana nutsewa. An kuma yi wa wasu barazanar cutar da 'ya'yansu da iyayensu mata. Gul Rahman ya mutu a Nuwamban 2002 a wani kurkukun ɓoye a Afganistan, ɗaure da sarƙa a kan daɓen siminti, sanyi ya kashe shi. Hukuncin kwamitin shi ne azabar ba ta zama hanyar samun sahihin bayani ba, waɗanda ake gana wa ita sukan ƙirƙiro abin da masu tambaya ke son ji. An ga hakan tun kafin rahoton. Ibn al-Shaykh al-Libi, da aka miƙa wa Masar, ya ce Iraƙi ta horar da 'yan al-Qaeda kan makamai masu guba, sakataren harkokin wajen Amurka Colin Powell ya kai maganar gaban Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ranar 5 ga Fabrairun 2003, daga baya mutumin ya ce ƙarya ya yi don a bar shi ya huta. Iraƙi kuwa an riga an afka mata.

Wanda ya samo bayani na gaske shi ne irin su Ali Soufan, jami'in FBI, Musulmi haifaffen Labanan, ƙasar da Hayes ya ajiye garejin aganarsa. A Satumban 2001 a Yaman, Soufan yana tambayar Abu Jandal, tsohon mai tsaron bin Laden, sai ya lura mutumin ba ya taɓa biskit ɗin da ake kawowa da shayi. Ashe ciwon suga gare shi. A zama na gaba aka kawo masa marar suga. Daga nan fuska ta fara sakuwa, da hira da dabarar tambaya har ya tantance hotunan wasu daga cikin maharan 11 ga Satumba. A Mayun 2009 Soufan ya shaida wa Majalisar Dattawa cewa azaba ɓata bincike take yi. Amma fa a yi wa Hayes adalci, biskit ba ya rufe babi. Da ya ƙare littafinsa da faranti da kofin shayi, da MGM ba ta ko ɗaga waya ba.

Kada wani ya ce ai labari ne kawai, don hakan raina aikin marubucin ne. A Nuwamban 2006 Birgediya Janar Patrick Finnegan, shugaban sashen karatu na makarantar hafsoshi ta West Point, ya yi tattaki har California tare da wasu tsofaffin masu tambayar fursunoni, ya roƙi masu shirya wasan talabijin ɗin nan mai suna 24 su rage nuna azaba tana aiki. Ya ce ɗalibansa, waɗanda gobe za a tura Iraƙi da Afganistan su jagoranci sojoji, suna kawo masa jarumin wasan a matsayin hujja a aji. Jane Mayer ta ba da labarin a mujallar New Yorker a 2007. Hayes ya wuce masu 24 nesa ba kusa ba. Su a allo suke nunawa, in abin ya yi maka yawa ka kau da kai ko ka sauya tasha. Shi kuwa da yatsanka kake juya shafin, kana sauri, don ka ga ko igiyar ta yi aiki.

Shekara goma masu karatunsa suka yi suna jira. A Nuwamban 2023 ya kawo musu The Year of the Locust, shi ma dirkeke, jaruminsa ɗan CIA, abokin gabarsa kuwa ba sai na faɗa muku daga wace al'umma aka ɗauko shi ba.